Darna: inda na je neman Autan Gwaggo

Ranar Asabar 9 ga Satumba 2023 muka fito daga Bangazi da hantsi, mu huɗu a Toyota mai buɗaɗɗen baya. Maigidanmu ɗan Libiya ne ke tuƙi, wani Bamisire da muke cewa mu'allim na gefensa, ni da abokin aikina ɗan Damagaram muna baya kan buhunan siminti da kwalayen tayil. Wani gida ne mai hawa biyu a Baida aka ba maigida kwangilar saka masa tayil, aikin kamar sati biyu. Shekarata huɗu a Bangazi amma ban taɓa hawa dutsen nan da suke kira Jabal Akhdar ba, kullum sai dai labari, wai can ne ake samun sanyi da tuffa da zuma.

Murnata a tafiyar dai ba ta tuffa bace. Daga Baida zuwa Darna bai fi kilomita 100 ba, kuma a Darna ɗin Auta yake, ɗan gwaggona, wanda ni na turo masa kuɗin mota daga Gumel har Agadez ya ƙetaro sahara shekara guda kafin nan. A gidan burodi yake aiki. Tun da ya wuce Darna bamu haɗu ba sai ta waya, mun shirya in an gama aikin Baida zan leƙa shi in kwana biyu, in karɓo ɗan abinda ya tara in haɗa da nawa a aika gida.

A hanya hira biyu ce a bakin kowa. Ta farko girgizar ƙasar Maroko da aka yi daren Juma'a, ta biyu kuma guguwar da suke ta kira i'isar Daniyal. A waya kowa ya ga abinda ta yi a Girka, gonaki sun koma tafki, ta taɓa Turkiyya da Bulgeriya, yanzu kuma wai ta sake shiga Bahar Rum ta ƙara ƙarfi ta nufo mu. Gwamnatin gabas ta bada hutun Lahadi da Litinin, an rufe makarantu, an rufe tashoshin lodin mai. Amma duk gargaɗin da ni dai na ji a lokacin na bakin teku ne, a guji teku, masunta kar su fita, na kusa da ruwa su matsa. Shi yasa ma maigida yace gara mu tafi yau, ai mu sama zamu hau, me teku zai mana a kan dutse.

Bayan Tukra hanya ta fara hawa, ka waiwaya ka hango teku a ƙasa ya yi duhu yana ta kumfa. Marj jar ƙasa ce shimfiɗe kamar ta fadamar da ta bushe, an girbe alkama da sha'ir tuntuni sai karmami. Daga nan sai itatuwa suka fara yawa, abinda ban saba gani a Libiya ba, har muka iso Wadi Kuf, wani kwazazzabo mai zurfin da in ka leƙa daga kan gada sai jiri ya ɗebe ka. Maigida ya rage gudu ya nuna mana koguna a jikin dutsen yace a nan Umar Mukhtar da mutanensa suke fakewa lokacin da suke yaƙar Italiyawa. Ƙasan kwarin a bushe ƙayau, duwatsu ne farare da 'yan ciyayi. Haka duk wadi ɗin ƙasar suke a Satumba, domin su damunarsu da sanyi take zuwa, daga kamar Oktoba zuwa Maris, lokacin da mu muke marka a gida su ko ɗigo basa gani.

Baida ta fi mita 600 a saman teku, da la'asar ma sai da na saka rigar sanyi. Muka sauke kaya a ƙasan gidan, muka share ɗaki ɗaya a sama muka shimfiɗa kwali da bargo. Da daddare iska ta fara, irin mai kuka ta kafar taga, amma mun yi barcinmu.

Lahadi da safe ruwa ya sauko. Da farko mu ko a jikinmu, aikinmu na cikin ɗaki ne, mu'allim ya ja igiya ya ɗora lebul muka fara falo, ni ina kwaɓa ina miƙawa ɗan Damagaram yana yanka. To ni ɗan Jigawa ne, na san ruwa, na san hadarin gabas da zai taso baƙi ƙirin ya zubar cikin awa guda ya wuce a fito ana duba gonaki. Wannan ba haka yake ba. Ba ya tsagaitawa, ba ya raguwa, kuma ba daga sama yake zuwa kai tsaye ba, iska ce ke kwaso shi a kwance tana maka shi a bango kamar ana watsa tsakuwa. Kafin azahar titin gaban gidan ya zama ƙorama ja. Kafin la'asar wuta ta ɗauke, giranda ta tsaya, aiki ya tsaya. Muna tsaye a taga muka ga tankin ruwa na wani gida ya taso daga kan rufi ya faɗo tsakiyar titi ruwa ya tafi da shi yana juyawa, sai ga langa-langa na shawagi, sai wata bishiya a gidan da ke kallonmu ta kwanta a kan katanga ta rusa ta.

Bayan magariba na samu 'yar shabaka, wato sabis ɗin waya, na kira Auta. Muryarsa garau, har yana dariya. Yace Yaya ai nan ma haka ne, tun rana ake yi, an hana fita, kwarin da ke bayan shagonsu da kullum yake a bushe yau ya kawo ruwa yara na ɗauka a waya. Nace kai ina kake kwana, yace a shagon mana, ai suna da ɗan ɗaki a ciki bayan tanda, da ɗumi ma. Nace kuna kusa da teku ne? Yace a'a Yaya, teku na can ƙasa, mu muna ciki, mudir mai shagon ma yace mu da ke nan bamu da matsala. Wallahi da ya faɗi haka hankalina kwanciya ya yi. Nace to ka kula da kanka, in an ɗauke ruwa zan kira. Yace in zan zo in taho masa da tuffa. Iyakar maganarmu kenan, minti uku da 'yan daƙiƙu, har yau yana nan a wayata.

Daren nan bamu runtsa ba. Wajen goma ruwa ya fara shigowa ƙasan gidan ta ƙofar gareji, muka dinga jidar siminti a kafaɗa muna haurawa sama da hasken waya, bamu kwashe rabi ba ya kai mana gwiwa muka haƙura. Can sai muka ji ana dukan ƙofa ana ihu, maƙwabci ne, gidansa ƙasa ne kuma a gangare yake, ruwa ya kai ƙirji, ga mahaifiyarsa tsohuwa bata iya tafiya. Mu uku muka riƙe igiyar da muke jan kaya da ita muka ƙetara, tazarar da bata fi taku ashirin ba amma ruwan na fizgar ƙafa kamar da hannu, ga sanyi kamar ƙanƙara, ga abubuwa na dukanka a ƙafa baka san ko menene ba. A kan kujerar roba muka ɗauko ta, ɗan Damagaram a gaba ni a baya, tana ta salati tana shi mana albarka da Larabcin da rabi kawai nake ganewa. Matan da yaran muka basu ɗakinmu, mu muka zauna a matattakala. Duk bayan ɗan lokaci sai kaji ƙuuu, mota ce ruwa ya kwaso ya haɗa da wata ko da katanga, wasu fitilunsu na kunnawa suna kashewa suna kuka har su nutse.

Da gari ya waye ruwan sama ya ragu amma Baida ta zama wani abu daban. Motoci a kife wata kan wata a bakin kwalbati, turakun wuta a kwance, kwalta ta ɓare kamar ɓawon rogo, shaguna cike da laka har saman kanta. Ance ruwa ya shiga babban asibitin garin, ance an rasa mutane, ance Susa da ke bakin teku a ƙasanmu ta fi mu shan wuya. Daga baya masana yanayi suka fitar da cewa milimita 414 aka yi a Baida cikin awa 24. Da na karanta wa ɗan Damagaram sai ya yi shiru, yace wannan ai kusan ruwan damina guda ne a wajensu, wanda ake shuka gero da shi a yi noma a girbe, shi aka juye mana a kwana ɗaya. Iskar kuwa ance kilomita 70 zuwa 80 take gudu a awa.

Na kira Auta bata shiga. Nace shabaka ce, mu ma ai sai ka hau rufi kake samun sanda ɗaya. Na sake kira, na sake. Wajen azahar maigida ya shigo fuskarsa ta canza, yana riƙe da waya hannunsa na rawa, kalma ɗaya na tsinta a maganarsa, sadd. Mu'allim ne ya fassara mana da Larabcin da muke ganewa, yace dam ɗin Darna ya fashe cikin dare, ba ɗaya ba guda biyu, ruwa ya bi ta tsakiyar gari ya zuba a teku. Nace ta tsakiyar gari ta ina? Yace ta wadi mana. Ƙafafuna suka kasa ɗaukata na zauna a kan kwalin tayil. Kafin dare ana cewa mutum 2,000, washegari an daina faɗin adadi ɗaya, kowa da nasa.

Kwana uku na yi a Baida kamar a kan ƙaya. Hanyoyi sun yanke, ni kuma ba iƙama gare ni ba, fasfo ɗina ma ya ƙare, baƙo irina ba ya tashi haka kawai ya kama hanyar da ke cike da bawaba, wato shingen binciken jami'an tsaro. Muka yini muna kwashe laka a gidajen unguwa, dare ya yi in hau rufi in ta kiran lambar. Daga gida kuma an fara kirana, sun ji a BBC, ina cewa ai layi ne ya lalace a garin gaba ɗaya, wanda kuma gaskiya ne. Laraba da daddare na ga maigida yana loda ruwan roba da burodi da barguna da bandir na farin yadi a mota, dangin matarsa na Darna. Na je na tsaya a gabansa nace ya Hajji ƙanena na can. Ya kalle ni ya daɗe, sannan yace gobe bayan asuba, in an tsayar da mu kai yarona ne. Allah Ya saka wa mutumin nan da alheri, duk abinda ake faɗa kan yadda ake wulaƙanta baƙar fata a Libiya na gani da idona kuma ya faru da ni, amma wannan ma na gani.

Alhamis 14 ga wata muka kama hanya. Ta bakin teku da ke bi ta Susa da Ras Hilal ance ruwa ya cinye ta, sai muka bi ta sama, Shahat, Abrak, Kubba. Duk inda wani ɗan kwari ya ratsa titi to an samu matsala, wani wajen rabin kwaltar ya zaftare sai mota ɗaya-ɗaya, wani wajen a sauka a bi ta gona inda katafila ta share. Tafiyar awa ɗaya da rabi ta ci mana fiye da biyar. Amma abinda ya tsaya min a rai a hanyar nan motocin ne. Layi ne ba iyaka, manya da ƙanana, kowacce an fesa mata fenti da sunan garin da ta fito, Misrata, Zawiya, Tarabulus, har Sabha, garuruwan da shekaru kaɗan baya suke harbin juna da mutanen gabas, ƙasar da har yau gwamnati biyu gare ta. Faz'a suke kiran abin, wato a ji ihun ɗan'uwa a taso. A bakin hanya mutane sun kafa tebur suna miƙa shayi da ruwa kyauta. A bawaba soja ya leƙo ya ga farin yadi ya ganni, bai tambayi komai ba ya ɗaga hannu.

Darna daga sama ake gangaro mata. Gari ne da ya kwanta tsakanin dutse da teku, mutanensa wajen 100,000, kuma wadi ya raba shi biyu kamar tsagar kitso. Da muka zo inda ake hango shi maigida ya tsaya ya fito ya ɗora hannu a ka. Ni ban san garin a da ba don haka ban san me ya ɓace ba, abinda na gani shi ne wani faffaɗan fili ja ya taso daga bakin dutse ya tafi ɗoɗar har teku, gefe da gefensa benaye a tsaye wasu an yanke musu rabi kana hango gado da labule a hawa na uku. Teku kuma ba shuɗi bane, ja ne kamar kunun kanwa har nesa. Maigida yace filin nan da kake gani unguwanni ne, akwai gadoji, akwai kasuwa, akwai gidan surukaina.

Wari ne ya fara tarbarmu tun kafin mu sauka. Aka miƙo mana takunkumi, bai hana komai ba.

Na rabu da maigida a kan zamu haɗu a mota da magariba. Abinda nake da shi na kwatance hoto ne guda ɗaya da Auta ya turo min ta WhatsApp ranar babbar sallah, yana tsaye a ƙofar shagonsu da farar jallabiya, a bayansa can ana hango ƙubbar Masallacin Sahabbai, inda aka ce kabarin Zuhairu bin Ƙais da waɗanda suka yi shahada tare da shi yake. Masallacin na nan a tsaye, laka ta shiga ta yi masa ɓarna amma ƙubbar na nan. Sai na dinga zagayawa ina ɗaga waya ina gwada hoton da ƙubbar, in matsa hagu in matsa dama, ƙafata na nutsewa a taɓo, ina tsallake motocin da aka murɗe kamar gwangwanin madara, ina tsallake katifu da takalman yara da tukunyar gas, har na zo inda ƙubbar ta zauna daidai yadda take a hoton. Babu shago. Babu titi ma. Rodi ne 'yan guntaye sun leƙo daga ƙasa duk sun kwanta sun kalli teku. Na sa ƙafa na share laka sai ga tayil, fari, irin mai araha ɗin nan da ake sawa a shaguna, a manne daram ko tsagewa bai yi ba. Wanda ya saka shi ya iya aiki. Na durƙusa na dinga sharewa da hannu har na buɗe kamar faɗin tabarma, ban san me nake nema ba, bango da tanda da rufi da mutanen ciki duk ruwa ya shafe su daga kan tayil ɗin nan kamar an sa tsumma.

Wani dattijo ne ya taɓa kafaɗata. A kan wani dutse yake zaune tun ɗazu yana kallona, shi ma gidansa a wajen yake, shi ya tsira ne saboda a daren yana gidan 'yarsa a unguwar Shiha da ke kan tudu. Ya nuna min bakin dutsen inda kwarin ya fito, yace ga ƙaramin dam ɗin can, nan kusa da gari, babban kuma na can ciki kamar kilomita 13. Wani kamfanin Yugoslabiya ne ya gina su a shekarun 1970 saboda garin ya sha ambaliya a baya, ya ambaci ta 1959 da yace yana yaro aka yi. Da ƙasa da duwatsu aka yi su, kuma an daɗe da sanin sun tsage. Na sama ne ya cika ya fara ɓallewa, ruwansa ya gangaro ya tarar da ƙaramin ya tafi da shi kamar ba'a taɓa gina shi ba. Abinda na karanta daga baya bai saɓa da nasa ba, babban yana ɗaukar mita kubik miliyan 22 da rabi, ƙaramin miliyan ɗaya da rabi, kuma abinda ya afka wa garin an ƙiyasta miliyan 30. Har wani malamin jami'a a Baida ya rubuta a 2022 cewa in ba'a gyara su ba aka samu babban ruwa to mutanen kwarin na cikin haɗari. Dattijon yace duk mun zuba wa teku ido, ashe ta bayanmu zai zo.

Na nufi inda 'yan Hilal Ahmar, ƙungiyar agaji ta Red Crescent, suke rubuta sunayen waɗanda ba'a gani ba. Yara ne matasa, idonsu ja wur don rashin barci, su ma sun rasa abokan aikinsu a daren suna ƙoƙarin ceto. Wanda na samu ya karɓe ni da mutunci, ya ɗaga biro yace suna mai huɗu, wato nasa da na uba da na kaka da na dangi, sannan lambar ɗan ƙasa. Na faɗi sunansa da na babansa. Lamba babu. Fasfo babu, bai taɓa yi ba. Yace wa ya san shi a nan? Sai a lokacin na tuna Auta ya taɓa gaya min yana dariya cewa a unguwar ba mai iya faɗin sunansa, kowa Muhammad yake ce masa, wasu kuma Nijiri. Mudir ɗin da ya san shi a saman shagon yake da iyalinsa. Yaron ya rubuta abinda na faɗa a ƙasan takarda da lambar wayata, ya ɗauki hoton hoton nan na sallah. Ɗan Libiya in ya ɓata akwai dangi, akwai maƙwabta, akwai fayil a wani ofis da zai ce an taɓa yin wane. Namu kuwa in wanda ya san ka ya tafi tare da kai shikenan, kuma mu nawa ne a garin masu wankin mota da leburori da masu gadi da masu kiwo a gonaki, waɗanda a gida ma abinda aka sani kawai suna Libiya.

Sai aka nuna min inda ake duba hotuna. Duk gawar da aka samu ana bata lamba a ɗauki hoto kafin a binne. Na zauna na dinga wucewa ɗaya bayan ɗaya, ɗari nawa ban sani ba. Ba zan bayyana abinda na gani ba, abu ɗaya kawai zan faɗa, na shiga da tunanin ai nawa baƙi ne zan gane shi da wuri, amma kwana huɗu a ruwa da jar laka ba Balarabe ba Bahaushe, kowa kala ɗaya ya koma. Sau biyu ina cewa tsaya, in ƙura ido in ga ba shi bane, ko in ce ban sani ba.

Ban koma da maigida ranar ba. Kwana uku na ƙara, ina kwana a wata makaranta tare da masu aikin sa kai, da safe a bamu safar hannu mu bi motar da ke zuwa bakin teku, domin teku yana ta dawo da mutane, ance har wajen Tubruk an tsinci wasu. Ga Turkawa da karnukansu, ga Misirawa, ga 'yan Aljeriya da Tunusiya, ga masu nutso suna shiga inda motoci suka nutse da mutane a ciki. Ni dai duk wanda muka ɗauka sai na duba hannun hagu, Auta yana da tabon lauje a babban yatsa tun muna yara. Ranar Asabar na bi motar zuwa Martuba inda ake binnewa, katafila ce ke haƙa rami dogo, a jera a yi sallah a rufe, wata motar ta iso. Farin yadin da maigida ya kawo tun ranar farko ya ƙare, da bargo ake naɗewa da baƙar leda.

A makarantar nan na haɗu da wani ɗan Sudan, tela, da ke zaune a hawa na huɗu a wani bene kusa da masallacin. Yace wajen ƙarfe uku saura na dare suka ji ƙara kamar an tada bam, su da suka ga yaƙi a garin nan sun ɗauka shi ne ya dawo, kafin ya sa takalmi ruwa na hawa na biyu, suka haura rufi su goma sha, suna kallon benen da ke gabansu ya tafi da mutane a kansa suna haska waya suna kabbara. Na nuna masa hoton. Ya daɗe yana kallo yace ya san shagon, a nan yake sayen burodi, ya san yaron ma mai yawan dariya. Yace daren kafin ya kwanta ya hango haske a ciki, janareta na aiki, domin masu burodi ƙarfe biyu suke tashi kwaɓa. Iyakar abinda ya sani kenan, kuma shi kaɗai ne a duk Darna ya kalli hoton nan yace ya san shi.

Lahadi na samu mota na koma Baida. Na tarar da mu'allim shi ma a zaune, 'yan garinsu da dama sun tafi, ance ƙauye ɗaya a Bani Suwaif ta Masar sun rasa sama da mutum 70. Amma su an ƙirga su, an ɗauki gawarwakin da aka gane a jirgi an kai gida, uwa ta ga likkafanin ɗanta. Washegari muka ji mutanen Darna sun taru a gaban Masallacin Sahabbai suna zanga-zanga suna neman a hukunta masu laifi. Adadin da aka tabbatar ya wuce mutum 4,000, waɗanda ba'a gani ba sun haura 8,000, sama da 40,000 sun rasa matsuguni. A Yulin 2024 kotu ta ɗaure jami'ai 12 kan maganar dam ɗin. Ban sani ba ko takardar da yaron nan ya rubuta ta shiga cikin 8,000 ɗin, ba wanda ya taɓa kirana.

Aikin gidan mun gama shi a Oktoba, rabin simintin ya daskare an sake saye. Na dawo gida gaba ɗaya farkon 2024. Ranar 10 ga Satumba na shekarar, shekara guda cif, ina zaune a shagon wani abokina a Gumel ya miƙo min waya yace kalli Maiduguri, dam ɗin Alau ya ɓalle cikin dare mutane na barci. Na kalli daƙiƙa kaɗan na miƙa masa na fita waje, warin nan na Darna ne ya dawo min a hanci kamar yanzu nake sauka daga mota.

Gwaggo na gaya mata komai tun ina Baida, ban ɓoye mata tayil ɗin ba, ban ɓoye mata ramukan Martuba ba. Kuskuren da na yi, in kuskure ne, na gaya mata maganar ɗan Sudan. Ita abinda ta riƙe kenan, tace to ai idonsa biyu, Auta kuwa ka san shi da gudu, wa ya taɓa kama shi. Mazan gidan sun so a yi sadaka a zauna zaman makoki ta hana, kayansa na nan a ɗakinta a cikin jakar bakko. Duk Juma'a bayan masallaci nakan biya in gaishe ta, in na tashi tafiya sai ta rako ni har zaure tace ɗan nan, ka gwada lambar tasa kuwa? Sai in ciro waya in kira a gabanta, in sa a sifika, mu tsaya mu biyu muna sauraren matar nan tana magana da Larabci har ta gama.